KUƊIN LIKITA: A BIYA RANAR CIWO KO A TARA TUN DA KAKA?

Jawabin da wakilinmu ya yi gaban ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, ranar buɗe karatun rani.

 

Yau maganar kuɗin likita ce ta kawo ni. Kowa nan ya san lokacin da ciwo ya fi yawa. Tsakiyar damana ne, sa'ad da sauro ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa, hatsi bai nuna ba. Yaro ya kwana da masassara. Uwa ta ce a kai shi likita. Uba ya laluba aljihu, ba ko dala. Sai a ce a bari a gani zuwa gobe. Gobe ta zama jibi. Ran da za a ɗora shi bisa amalanke, jininsa ya riga ya ƙare. Ranar ce ake saida akuya a rabin kuɗinta, don mai saye ya ga fuskarka.

Dattawa sun tuna zamanin da ake cewa magani kyauta ne a likitar gwamnati. Gaskiya ne, amma sau da yawa ka tarar ba maganin. Sai manjo ya rubuta maka takarda, ka tafi farmasi can birni. A shekarar 1987 ministocin lafiya na Afirka sunka taru a Bamako. Sunka ce gara jama'a ta riƙa biyan kaɗan, a sayo magani mai arha da kuɗin, ƴan gari kuma su sa ido bisa asusun.

To, yaya za a biya? Nan ne nake so ku buɗe kunne. A shekarar 1993 gwamnatin ƙasarmu ta gwada hanya biyu. A yankin Sayi, wanda ya zo da ciwo shi ke biya: babba dala 40, yaro dala 20. A yankin Boboye kuwa, kowane mai biyan lanho ya ƙara dala 40 a shekara, ko yana ciwo ko ba ya yi. Ran da ya zo likita sai babba ya ba da dala 10 kaɗai, yaro dala 5. Da anka duba lissafi, sai anka ga masu zuwa likita sun ƙaru sosai a Boboye, har da mata da yara da talakawa. A Sayi ba a ga irin wannan ƙaruwa ba. Magani iri ɗaya ne anka kai wuraren biyu. Lokacin biya da yawan masu biya ne sunka bambanta. A Boboye masu lafiya sun taya marar lafiya ɗaukar kaya.

Duk da haka, bayan dokar 1995, hanyar Sayi ce ta bazu a mafi yawan ƙasa. Ni dai a ganina an bar hanya mai kyau a nan. Shi ya sa shekara da shekaru talaka ke tsoron ƙofar likita.

Daga baya hukuma ta sassauta. A 2005 anka ce aikin fidda jariri daga ciki kyauta ne. A 2006 anka ƙara da awon ciki, da tazarar haihuwa, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Iyayenmu mata shaida ne, yara sun cika likita a lokacin, an kuwa ceci rayuka da yawa.

Amma ku gane abu guda. Kyauta ga uwar yaro, ba kyauta ba ce ga likita. Manjo zai duba yaron, ya ba shi magani, ya rubuta takardar bashi, a aika Yamai, gwamnati ta biya. Da kuɗin nan ne zai sayo wani magani. To biyan ya riƙa jinkiri, wata da watanni, wani lokaci har shekaru. Bashi ya taru. Magani ya ƙare a kabad. Uwa ta zo da yaro, an ce mata kyauta, sai ga takardar farmasi a hannunta. Ta koma gida tana cewa manjo ya ci kuɗi. Wani wurin akwai mai hannu, ban musa ba. Amma sau da yawa bawan Allah nan jiran kuɗinsa yake yi.

Ƴan uwanmu masu zuwa bida Kumasi da Ankara sun san katin lafiya na Gana. Tun 2003 anka kafa dokarsa. Ana tara kuɗin daga lanhon da anka ɗora bisa kayan saye, da ɗan abin da mai kati ke biya. Su ma sun sha fama da jinkirin biyan asibitoci. Ke nan cutar ba tamu ce mu kaɗai ba.

A watan Satumba na 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita a asibitocinta, ta kuma ce haihuwa kyauta. Wannan sauƙi ne babba. Sai dai tambayar tana nan: rabin da anka yafe, wa zai cika shi, kuma yaushe? In ya iso kan lokaci, magani zai zauna. In ya makara, za mu koma gidan jiya.

Wancan aikin hukuma ne. Ga namu. Kun san rumbun tsimi. Da kaka kowa ya zuba, da damana a buɗe. Haka asusun lafiya yake. A ce garinku magidanta 200 ne. Kowa ya ba da jika 2 bayan girbi, lokacin da wake da gujiya ke hannu. An sami jika 400 ke nan. Ba za su warkar da kowa ba. Amma za su sa mai a motar ɗaukar marar lafiya ran da naƙuda ta gardama cikin dare, su sayi maganin da ya yanke. Wani zai ce: in shekara ta fita ban yi ciwo ba, kuɗina fa? Sai in ce masa ya gode wa Allah. Mai zuba hatsi a rumbun tsimi ba ya roƙon yunwa don ya ci rabonsa.

Abin da ke kashe irin wannan asusu shi ne rashin rubutu. Kuɗi a aljihun mutum guda, lissafi a kansa, ba a daɗe ba sai zargi. Nan ne amfaninku, ku da kunka koyi karatu. Kowace likita tana da kwamitin lafiya na ƴan gari. Ku shiga. A sa mata ciki, don su ke goyon yara zuwa can. Duk abin da kunka biya, ku karɓi takardar shaida, ku karanta adadin kafin ku tashi. A roƙi manjo ya kafa takardar farashi a bakin ƙofa, da Hausa, inda kowa zai gani. Ma'aji kuma ya karanta littafin kuɗi gaban jama'a kowane wata uku.

Ranar Laraba in Allah ya kai mu, kowace mace ta zo da karnen likita na ɗanta. Da shi za mu yi darasin lissafi.