Jawabi ga iyaye a Sersouf kan tamowa da borin jini

Masu kula da abincin yara suna ƙara samun horo, ga saƙon da suka ba mu. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, in aka auna damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, tamowa ce mai tsanani. Abincin da ake ba shi, Plumpy'Nut, akwai gyaɗa da madara a ciki. In ya ci ya yi borin jini, leɓe ya kumbura ko numfashi ya sarƙe, ku dakata, ku garzaya asibiti. Wanda ke ƙin abinci kuwa, kada a yi masa ɗura. A ba shi kaɗan-kaɗan, a kawo shi a duba. Allah ya raya mana su.