Ƙunar Wuta: Abin Da Za Mu Yi Kafin A Kai Asibiti



Jama'a, babu wani ɗan Alajo ko Nima ko Maamobi da zai manta da daren 3 ga watan Yuni, 2015. A daren nan ruwa ya ci gari, mutane suka fake a gidan man GOIL da ke Kwame Nkrumah Circle, mai ya malala bisa ruwan, wuta ta kama. Kimanin mutum 150 suka rasu. A shekarar 2017 kuma gas ya fashe a Atomic Junction. Mu da ke bin shanu, ga gobarar daji lokacin hunturu, ga yaranmu da ke faɗawa murhu ko tafasasshen ruwa. Kowace ta faru, kafin likita ya ga majinyaci, mu ne a kansa.

To, farko a kashe wutar. Kada a bar shi ya ruga da gudu, iska ƙara mata ƙarfi take yi. A kwantar da shi, a mirgina shi a ƙasa, ko a lulluɓe shi da bargo. In wutar lantarki ce, a kashe ta kafin a taɓa shi.

Na biyu, ruwa. A yi ta kwarara ruwa mai tsabta, mai sanyi daidai, bisa ƙunar har minti 20 cur, domin ko wuta ta mutu, zafinta na ci gaba da cin nama. Ban da ƙanƙara. A cire zobe da agogo da guru kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne da fata a bar ta, kuma kada a fasa bororo. Sauran jikin a rufe shi, musamman yara, kada sanyi ya kama su.

Na uku, a nan muke roƙon iyayenmu su saurara. Kada a shafa kashin shanu, ko man shanu, ko ɗanyen ƙwai, ko toka, ko man goge baki. Kashin shanu na iya ɗauke da ƙwayar tetanus, cutar da ke sandarar da jiki ta ƙulle haƙora. Maiƙo kuwa riƙe zafi yake yi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A rufe ciwon da ƙyalle mai tsabta, ba auduga ba.

Na huɗu, gaggawa. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita, ko ta fuska, hannu, gaɓoɓi ko al'aura, ta asibiti ce. Wadda ta yi fari ko baƙi kuma ba ta zafi, ita ta fi zurfi. Wanda muryarsa ta dushe bayan ya shaƙi hayaƙi, maƙogwaronsa na iya toshewa, a zaunar da shi a hanzarta. A kira 112, ko a nufi asibiti mafi kusa. Korle Bu na da sashe na musamman domin masu ƙuna. In daga ruga aka taso, tafiya da nisa, kuma yana cikin hayyacinsa ba ya amai, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, domin babbar ƙuna tana tsotse ruwan jiki.

Muna roƙon kowa ya isar da wannan saƙo ruga da kara. Allah Ya kare mu da dukiyarmu daga gobara, amin.