Tayar da Majiyyaci Mai Matsananciyar Ƙiba Daga Gadon Asibiti

Tun a shekarar 1947 wani likita a Ingila, Richard Asher, ya ja hankalin 'yan'uwansa likitoci ga haɗarin barin majiyyaci a kwance. Babu wanda wannan gargaɗi ya fi shafa kamar mai matsananciyar ƙiba, watau wanda idan aka raba nauyinsa na kilo da tsawonsa na mita sau biyu, aka sami 40 ko fiye. Mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 120 ya shiga wannan sahu.

Idan irin wannan majiyyaci ya kwanta rigingine, tumbinsa yakan danno ƙirji, numfashi ya taƙaita, majina ta taru a huhu. Jini kuma yakan daskare a jijiyoyin ƙafa, in gudan ya ɓalle ya toshe huhu, sai a rasa mutum farat ɗaya. Ga gyambon kwanciya, har a cikin ninkin fata inda ido bai cika kaiwa ba. Saboda haka lalle ne a tashe shi da wuri.

Amma fa tayarwar ita ma tana da nata haɗarin. Ƙafa ɗaya takan kai kimanin kashi 16 cikin ɗari na nauyin jiki, watau kilo 24 ga mai kilo 150. A 2007 kuwa, wani bincike a Amurka ya nuna bai kamata ma'aikacin jinya ya ɗaga fiye da kilo 16 da hannu ba. Ashe ƙafar kaɗai ta wuce ƙa'ida. Al'adar nan ta tara dangi a ce su kama su ciccibo, kasada ce: a kafaɗar majiyyaci da bayan masu kamawa take ƙarewa.

Da farko a duba iyakar nauyin da gado da kujera da abin dogarawa za su iya ɗauka, a kuma kawo na'urar ɗagawa. Sa'an nan a ɗaga kan gadon, daga bisani a zaunar da shi a bakin gado, a auna jininsa, domin jiri yakan ɗebi wanda ya daɗe a kwance. Sai ya iya miƙewa ya koma zaune, ya yi taku a wuri ɗaya, kana a bar shi ya rabu da gadon. In ya sulale, kada a tare shi da ƙarfi. A kare kansa, a tafi da shi ƙasa a hankali, a kira na'ura.