Taswira da Asalinta: Rubuta Bayanin Asali a Manhajar Taswira



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan lacca, da suka ba ni damar tsayawa gabanku yau. Abin da zan yi magana a kansa ƙaramin aiki ne a ido, har ma yawancin masu haɗa taswira a kwamfuta sukan tsallake shi saboda gaggawa. Aikin kuwa shi ne rubuta abin da Turawa ke kira metadata, wanda ni zan kira shi bayanin asali. Watau bayanin da ke faɗin wanda ya yi taswira, da lokacin da ya yi ta, da abin da ya yi awo da shi, da kuma iyakar abin da za a iya dogara da ita a kansa. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, taswirar da ba ta da wannan bayani ba ta cancanci a yanke hukunci da ita ba, komai kyanta.

Gefen Takarda

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar taswirar safiyo ta takarda, irin mai sikeli 1:50,000, ya san cewa gefenta cike yake da ƙananan rubuce-rubuce. A nan ake samun sunan hukumar da ta buga ta, da shekarar da aka ɗauki hoton ƙasar daga jirgin sama, da sikeli, da ma'anar kowace alama, da tsarin awon da aka bi. Bayanin da zanen a jikin takarda ɗaya suke, ba su rabuwa sai an sa almakashi.

Da aiki ya koma kwamfuta sai wannan gefe ya ɓace. A manhajojin taswira na kwamfutar tebur, irin su ArcGIS Pro da QGIS, taswira falle-falle ce: fallen hanyoyi daban, na koguna daban, na iyakoki daban, na makarantu daban, ana ɗora wannan bisa wancan. Kowane falle fayil ne da ake kwafa a filash, a miƙa daga wannan ofis zuwa wancan. In ya zaga hannu biyar ko shida, babu wanda zai iya cewa ga inda ya fito. Ga shi kuma kwamfuta tana zana tsohon bayani da sabo da layi iri ɗaya, mai tsabta, ba tsufa ba ƙura, balle mai kallo ya yi shakka.

Wannan matsala ce ta sa aka kafa ƙa'idoji. A 1994 gwamnatin Amurka ta umarci hukumominta su riƙa rubuta bayanin asali bisa ƙa'idar kwamitin da ake kira FGDC. A 2003 hukumar ƙa'idoji ta duniya ta fito da ISO 19115, aka sabunta ta a 2014. Tarayyar Turai kuma ta yi dokarta mai suna INSPIRE a 2007. Ƙa'idojin suna da ɗaruruwan gurabe, amma in aka tace su, tambayoyi biyar ne ginshiƙansu.

Tambaya ta Farko: Da Me Aka Auna?

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ɓarna ta fi yawa. Duniya ba mulmulalliya ba ce sak, saboda haka kafin a ba wani wuri lambobin latitud da longitud, tilas a zaɓi siffar lissafi da za ta wakilci duniya, da kuma wurin da za a kafa awon. Wannan shi ake kira datam, watau tushen awo. Tsofaffin taswirorin Nijeriya da takardun safiyo masu yawa suna kan tushen Minna, wanda aka kafa a kan wani dutsen awo mai lamba L40 kusa da garin Minna, bisa siffar Clarke ta 1880. Na'urar GPS da wayar da ke aljihunku kuwa suna aiki da wani tushe dabam, mai suna WGS 84. Lambobi iri ɗaya a waɗannan tushe biyu ba wuri ɗaya suke nunawa ba. Tazarar da ke tsakaninsu gomman mitoci ce, har takan doshi mita 100.

To, jama'a, mita 80 a daji ba wani abu ba ne, amma a cikin gari fuloti nawa ke nan? Ku ƙaddara ma'aikaci ya karɓi fallen filaye da aka auna a kan tushen Minna, babu bayanin asali, ya ɗauka WGS 84 ne, ya ɗora shi bisa hoton tauraron ɗan adam. Nan take zai ga filin wani ya hau gidan maƙwabcinsa, masallaci ya faɗa tsakiyar titi. In ya rubuta rahoto a kan abin da ya gani, aka sa hannu, to an shuka shari'ar da za ta iya kaiwa ga jikoki, alhali a ƙasa ko taku ɗaya babu wanda ya ci iyakar wani.

Har wa yau akwai batun shiyya. A tsarin awo na UTM Nijeriya ta faɗa shiyyoyi uku: Sakkwato tana ta 31, Kano ta 32, Maiduguri ta 33. Lambobin da aka auna a wata shiyya, in aka karanta su a ta kusa da ita, wurin zai yi tsalle fiye da kilomita 600. Wannan kuskure da sauƙi, domin ido yana kama shi. Na tushen awo shi ne mugu, don kuwa taswirar takan yi kama da daidai. Maganin duka biyu layi ɗaya ne na rubutu. Kowane tsarin awo yana da lambarsa a rajistar EPSG: 4326 ita ce WGS 84, 4263 ita ce Minna, 32632 ita ce shiyya ta 32 a kan WGS 84. A rubuta lambar, magana ta ƙare.

Tambaya ta Biyu: Na Yaushe Ne?

Ƙasa tana sakewa, iyakoki ma haka. Nijeriya ta kasance jihohi 12 a 1967, ta zama 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sa'an nan 36 a 1996. Fallen da aka rubuta wa “iyakar Jihar Kano” kawai bai faɗi komai ba, domin kafin 1991 Jigawa tana ciki. Haka “Jihar Sakkwato” kafin a cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996. Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, amma zuwa tsakiyar shekarun 1980 yawancinsa ya janye. Wanne gaɓar tafkin ce ke cikin fallenka?

Lalle a bambanta ranaku uku: ranar da aka tattara bayanin a fili, da ranar da aka shigar da shi kwamfuta, da ranar da aka gyara shi na ƙarshe. Kwanan watan da kwamfuta ke nunawa a jikin fayil sau da yawa ranar kwafi ce kawai. Hanyar da aka zana jiya daga hoton 1965, hanyar 1965 ce.

Tambaya ta Uku: Ina Iyakar Ingancinsa?

A sikeli 1:50,000, milimita ɗaya a takarda mita 50 ce a ƙasa. A sikeli 1:1,000,000, milimita ɗaya kilomita guda ce. Manhaja ba ta hana kowa ya zuƙo taswira har gida ɗaya ya cika allo, amma zuƙowa ba ta ƙara gaskiya. Kogin da aka kwafa daga taswirar ƙasa baki ɗaya ba zai gaya maka ko gonar wani tana bakin ruwa ba. Saboda haka a rubuta tushen falle da hanyar da aka bi: an auna shi da na'urar safiyo ne, ko da wayar hannu, ko an bi hoto ne an zana, ko kuwa an tambayi mai unguwa ya nuna da yatsa? Kowanne yana da amfaninsa, muddin an faɗa. Kuma a rubuta abin da ya rage, alal misali gundumomin da ba a samu shiga ba. In ba haka ba, mai karatu zai ga wuri fayau ya ce babu makaranta a can, alhali ba a je ba ne.

Tambaya ta Huɗu: Me Sunayen Ke Nufi?

Kowane falle yana da jadawali a bayansa. A tsarin fayil na shapefile, wanda ya bazu tun shekarun 1990, sunan ginshiƙin jadawali ba ya wuce harafi 10. Ka rubuta “yawan jama'a” sai ya tsaya a YAWAN_JAMA. To, yawan jama'a na wace ƙidaya? Ta 1991, wadda ta ba da kimanin miliyan 89, ko ta 2006, wadda ta ba da kimanin miliyan 140, ko kuwa kirdado ne? In wani ginshiƙi a fallen rijiyoyin burtsatse ya cika da 1 da 2, wace ce mai aiki, wace ce matacciya? Wanda ya tsara ya sani, amma an yi masa canjin wurin aiki.

Mu Hausawa muna da ƙarin matsala ta haruffa masu ƙugiya. In ba a ajiye jadawali da tsarin haruffa na UTF-8 ba, ko kuma aka yar da ɗan fayil mai ƙarewa da .cpg da ke bayyana tsarin, sai Ƙaura Namoda da Ɗanbatta su fito da alamar tambaya a madadin harafin farko. A rubuta kuma ƙa'idar da aka bi wajen rubuta sunayen wurare, tun da Sabon Gari da Tudun Wada ba ɗaya ba ne, ba biyu ba.

Tambaya ta Biyar: Na Wane Ne?

A rubuta ofishin da ke da alhakin fallen, da sharaɗin amfani da shi, da inda za a kai gyara. Ofis ake sawa da muƙami, domin mutum yakan tafi, kujera tana nan.

Yadda Ake Yi a Manhaja

Aikin kansa ba wuya. A QGIS, wadda kyauta ce, tun fitowa ta 3.0 a 2018 akwai sashen Metadata cikin tagar siffofin kowane falle, da shafuka na suna da taƙaitaccen bayani, da kalmomin nema, da izini, da faɗin yanki da lokaci, da mai alhaki, da tarihi, da kuma shafin da ke nuna guraben da aka bari. A ArcGIS Pro ana buɗe Catalog, a zaɓi fayil, a shiga gyaran bayaninsa. Manhajar takan fara da gajeren salo, sai mutum ya shiga saituna ya zaɓi salon ISO ko FGDC kafin sauran gurabe su bayyana.

Akwai tarko uku da zan ja kunnenku a kansu. Na farko, bayanin da aka rubuta a jikin falle cikin taswirar da kake aiki a kai, dabam yake da wanda aka rubuta a jikin fayil ɗin kansa. In ka tsaya a na farko, ka ba wani fayil ɗin, zai tafi ba tare da bayanin ba. Na biyu, shapefile tarin fayiloli ne: tsarin awo yana cikin mai ƙarewa da .prj, bayanin asali cikin .xml ko .qmd. Mai kwafi da bai sani ba sai ya ɗauki uku ya bar sauran. Tsarin GeoPackage, wanda aka amince da shi a 2014, yana iya haɗa kome a fayil guda, don haka ya fi aminci. Na uku, laƙaba wa falle sunan tsarin awo dabam yake da juya lambobinsa zuwa wani tsari. Laƙabawa suna kawai take sakewa, lambobin suna nan yadda suke. Kada a laƙaba da ka. A nemo wanda ya auna a tambaye shi.

A tuna kuma, manhaja takan cika wasu gurabe da kanta, kamar faɗin yanki da tarihin ayyukan da aka yi wa fayil. A cikin tarihin nan akan sami sunan kwamfuta da na ma'aikaci, saboda haka a duba a share kafin a saki fayil ga jama'a. Amma dalilin yin falle da rauninsa, babu manhajar da ta san su sai wanda ya yi aikin.

Kammalawa

Ga manyan ma'aikata, roƙona shi ne kada a karɓi aikin taswira daga ɗan kwangila, balle a biya shi, sai an buɗe an ga amsar tambayoyin nan biyar. A sa wannan sharaɗi cikin takardar kwangila tun farko, a kuma sa shi cikin takardar miƙa aiki in ma'aikaci zai tashi. Ga ɗalibai kuwa, ku saba da rubuta bayanin ranar da kuka fara falle, kuna ƙarawa duk sa'ad da kuka taɓa shi, domin abin da ka sani sarai yau, bayan wata shida kai ma sai ka yi tambaya. In akwai abin da ba ku tabbatar ba, ku rubuta cewa ba a tabbatar ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda aka gaya wa akwai rami a gaba ya fi wanda aka bari yana tafiya gaba gaɗi.

Shugaba, a nan zan dakata, in bar fili ga masu tambaya.