Jaririn da ba ya bari a runtsa

 

Da sakatariya ta aiko mini cewa ana so in yi magana a kan renon jarirai, sai na ce mata fagen ya yi faɗi, a bar ni in tsinci abu ɗaya. Abin da na tsinta shi ne tashin dare, domin a shekarun da na yi ina aikin jinya da ungozoma babu ƙarar da masu jego suka fi kawo mini kamarta. Mace za ta zo idanu jawur, ta ce: "Sista, yaron nan ba ya barci, ko dai nonona ne ba ya isarsa?"

Bari in fara da tonon asirin kaina. Na haifi ɗana na fari a garin da aka tura maigidana aiki, nesa da gida. Ban je wankan gida ba, wai ni ga ma'aikaciyar asibiti, na san komai. Yaron yana tashi sau biyar, sau shida kafin asuba. Da ya kai wata biyu na zama kamar wadda aka yi wa duka, har na taɓa zuba gishiri a shayi. Wata rana maƙwabciyata ta miƙo mini kwalbar maganin mura na yara, ta ce rabin cokali kawai, za ki gode mini. Na san bai dace ba, a aji aka koya mana. Amma na ba shi. Ya yi barci tun bayan isha'i, ni kuwa ban runtsa ba. Ina zaune da tocila ina ƙirga numfashinsa, in ɗaga hannunsa ya faɗi yaraf. Da asuba na sa masa nono, ya kasa kamawa sai da rana ta fito. Allah Ya kiyaye, yau shi ma uban wasu ne. Har yanzu in na tuna daren nan gabana yana faɗuwa.

Bayan kwana uku gwaggona ta iso. Ta dubi yaron, ta dube ni, ta ce: "Ke 'yar nan, yaronki lafiyarsa ƙalau. Ke ce ba ki da mai karɓarki." Wannan magana ita ce jawabina na yau, sauran duk bayani ne.

Jariri sabon haihuwa yana barcin awa 14 zuwa 17 a kwana ɗaya, amma a gutsuttsure. Cikinsa ƙarami ne, a ranar farko bai fi ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, ga nonon uwa da saurin narkewa. Shi ya sa yake bukatar sha sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Ku raba da kanku, za ku ga dole wasu su faɗo cikin dare. Sannan bai san bambancin dare da rana ba, sai wajen wata biyu zuwa uku jikinsa yake fara ganewa. Barcinsa ma ba irin namu ba ne. Kusan rabinsa mara nauyi ne, za ki ga yana motsi, yana yamutsa fuska, yana ɗan gurnani. Da yawa daga cikinmu nan take muke sunkutarsa, mu tashe shi alhali barci yake. Ki dakata kaɗan ki gani, sau da yawa zai koma da kansa.

Kukan yamma kuwa yakan ƙaru har wajen mako shida, sannan ya riƙa raguwa zuwa wata uku ko huɗu. Ko a wata shida akwai yara masu ƙoshin lafiya da ke tashi sau ɗaya ko biyu. Don haka in wata ta ce miki nata tun ran suna yake kwana bai motsa ba, ki yi mata barka, kada ki auna naki da nata.

Maganar rashin isar nono, ga ma'auni mai sauƙi. In yana jiƙa nafkin sau shida ko fiye a kwana, kuma nauyinsa yana hawa a katin awo, to yana ƙoshi. Shan dare ma shi ne ke ƙara kawo ruwan nono. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba koko. Kunun da ake ɗura wa ɗan wata biyu don ya yi nauyin ciki gudawa yake jawowa, barcin kuma ba a samu ba.

Game da kemis, ina roƙonku da girman Allah. Magungunan mura da tari masu sa barci ba na jarirai ba ne. Phenergan an hana ba yaron da bai kai shekara biyu ba, saboda yana iya danne numfashi. Kuma ba mu manta da My Pikin ba, maganin haƙori da aka samu guba a cikinsa, wanda ya kashe yara 84 a ƙasar nan tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009. Iyayen nan ba mugunta suka yi ba, sauƙi suka nema wa 'ya'yansu.

To me za a yi? Da rana a buɗe taga, a fito da shi inuwa, a bar hayaniyar gida yadda take. Da dare a rage haske, a shayar shiru ba wasa, a sa shi ya yi gyatsa, a mayar. Kafin ki ce rigima ce, duba ƙananan abubuwa: jiƙaƙƙen nafkin, sauro, ƙurajen zafi. Mu Hausawa akwai mu da naɗe jariri cikin hula da safa da tawul a tsakiyar bazara. Taɓa ƙeyarsa, in da gumi a rage kaya. Da hunturu kuma kada a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa marar wari yana kisa.

A kwantar da shi rigingine, ba rub da ciki ba. A Amurka an fara gangamin wannan a 1994, kuma mutuwar jarirai cikin barci ta ragu da kusan rabi. Na san yawancinmu gado ɗaya muke kwana da jariranmu, ba zan yi kamar ban sani ba. To katifar ta zama mai tauri, ba filo ko bargo kusa da fuskarsa, ba yayyensa a gefensa, a cikin gidan sauro. Kada wadda ta sha maganin barci ko mai shan taba su kwana da shi. Mafi haɗari shi ne barci ya sace ki kina zaune da shi a kujerar kushin. Gara ki koyi shayarwa a kwance.

Akwai tashin da ba na lafiya ba. Zazzaɓi da ya kai 38 a ɗan ƙasa da wata uku, ƙin kama nono, numfashi da sauri ko faɗawar haƙarƙari, jijjiga, ko yaron da ya yi laushi ba ya tashi ko an tashe shi. Wannan asibiti ne a daren, ba a jiran safiya.

Yanzu in koma ga maganar gwaggo. Iyayenmu da suka tsara mace ta yi arba'in a gida sun san abin da suke yi. Ba ta girki, ba ta wanki, in ta shayar akwai mai karɓa. Yau aiki ya warwatsa mu, yarinya tana bene ita kaɗai, miji ya kwashi filo ya koma falo wai gobe akwai ofis. Na hango wasu mazan da suka rako matansu suna sunkuyar da kai. Ranka ya daɗe, ba ka da nono, amma kana da kafaɗa. Karɓe shi bayan sallar asuba ta samu awa biyu a jere. Gwaggo haka ta yi mini: daga isha'i zuwa sha biyu yaro yana bayanta, nono kawai ke kawo shi wurina. Cikin mako guda na dawo mutum.

Ke kuma mai jego, in ya yi barcin rana ki kwanta, wanke-wanke ba ya gudu. In kika ji ranki ya ɓaci har hannunki yana rawa, ajiye shi a wuri mai aminci, fita tsakar gida ki sha ruwa. Kada a girgiza jariri ko kaɗan, yana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. In kuma kuka da baƙin ciki sun wuce mako biyu ba su sake ki ba, ko yaro ya yi barci ke kin kasa, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya. Ciwo ne sananne, yana da magani.

Shugaba, ina da roƙo ɗaya. Muna da rajistar mambobi gari-gari. Mu da muka yaye namu, muka yi ritaya, me zai hana a haɗa kowace ƙanwarmu mai jego da ba ta da kowa kusa da ɗaya daga cikinmu, ko yini biyu a mako? Ni dai a rubuta sunana na farko. Na ga an ɗago mini takarda cewa lokaci ya ƙare, masu tambaya su same ni a bakin zaure bayan azahar.