Tsohuwar gingimari: abin da za a bar mata da abin da za a sake

Jawabin magatakardan ƙungiya a taron cikar shekara

Shugaban ƙungiya, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, masu motoci, direbobi da ƴan'uwa fatake na ɓangarorin iyaka biyu, ina yi muku barka da wannan rana.

An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan tsofaffin manyan motocinmu, domin da yawa cikin membobi sun koma tayar da gingimarin da aka jingine, tunda sabuwar mota ta fi ƙarfin aljihun mafi yawanmu. Musun da ake yi a tasha guda ne. Wasu na cewa a mayar da mota yadda ta fito daga kamfani, kada a taɓa ko ƙusa. Wasu na cewa a cire duk wani tsohon abu a zuba na zamani. Iyayena, da izininku, ga abin da nake gani: a bar wa mota abin da ke sa a iya gyara ta a bakin hanya, a sake abin da ke tsare rai.

Mu ɗauki Marsandi mai gajeren hanci, wadda ake gani a hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da ta Matamaye zuwa Daura. An fara ƙera irinta a Jamus a 1959, aka ci gaba da yin ta domin kasuwannin waje har cikin shekarun 1990. Lambar da ke jikin ƙofarta ba ado ba ce. 911 na nufin tan 9 da ƙarfin doki 110. 1113 tan 11 ce da doki 130, 1924 kuma tan 19 da doki 240. Tan ɗin nan nauyin mota ne haɗe da kayanta. Kenan maƙeran sun auna injin, giya, farfela, aksul da burki su yi aiki tare a kan wannan nauyi. Duk wanda ya taɓa ɗaya, ya taɓa sauran.

Abu na farko da za a bari shi ne injin. OM352 mai silinda shida da ke cikin ƙananan nan ba ya da kwamfuta, famfonsa na mai da ƙarfe yake aiki. Idan ya tsaya tsakanin Galmi da Birnin Ƙonni da albasa a baya, bakanike mai sufana da ɗan gogewa zai tayar da shi kafin kaya su fara ruɓa. Kayan gyaransa suna nan a Ƙofar Ruwa a Kano da wajen ƴan tsofaffin kaya na Maraɗi da Damagaram. Injin zamani kuwa, idan ya kashe kansa, sai an kira mai na'ura daga birni, kuma ba ya jure man da ya sha ƙura ko ruwa. In tsohon ya gaji ƙwarai, akwai ƙanensa OM366 da aka gina a kan tsarinsa. Wannan sauyi ne na cikin gida. Amma ɗauko ƙaton injin tirela a cusa wa 1113, giya da farfela ne za su biya kuɗin, kuma motar za ta yi gudun da burkinta ba zai iya tsayar da shi ba.

Na biyu shi ne shasi. Mun san masu ƙara masa tsawo da walda, su jibga sifirin, don motar tan 11 ta ɗauki kayan tan 20. Ƙarfen shasi yakan tsage ne daga gefen inda wuta ta ci shi. Ban da haka, sikelin awon nauyi ba ruwansa da yawan sifirin. Dokar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade nauyin da kowane aksul zai ɗauka, kuma tara tana iya cinye ribar tafiya. Sannan lambar shasi ita ce sunan motar. Idan walda ko fenti ya rufe ta, ko an sake injin ba a gyara takardu ba, ma'aikacin duwan ko na kwastan yana da hujjar tsare ta, kayan mutane kuma su kwana a iyaka.

Yanzu ga inda ba a yi wa tsufa kara. Burki ne kan gaba. Robobi da bututun da suka shekara talatin a cire su duka, ko da ido bai ga tsaga ba. A duba tankin iska, domin ruwa na taruwa a ciki yana cin sa daga ƙasa, a kuma sa na'urar busar da iska in hali ya yi. Sai taya. Tsohon rim mai zobe ya illata masu faci da yaran mota da dama, saboda zoben na iya fincikewa yayin ba da iska. Rim na taya maras tib ya fi aminci, kuma ba ya ɗaukar zafi sosai a kwaltar watan Afrilu. Sai wayoyin wuta: a sake su gaba ɗaya da fis mai kyau, domin tsohuwar waya a ƙarƙashin bodin katako gobara ce mai jiran rana. A sa fitilu masu haske, da manyan madubai, da tef mai ƙyalli a baya da gefe, don mai babur ya hango mota da dare. Direba kuma ɗan Adam ne. Sitiyari mai taimakon mai da kujera mai kyau suna rage masa gajiya, kuma gajiya na cikin abin da ke kifar da mota.

Akwai abubuwan da ke tsakiya, waɗanda mai mota ne zai zaɓa. Bodin katako ya fi sauƙin gyara, kafinta zai sake allo guda, kuma iska na ratsa shi, abin da albasa da dabbobi ke so. Na ƙarfe ya fi dacewa da siminti da taki. Kayan da kake ɗauka su za su gaya maka. Hancin motar, zanen furanni da kirarin da aka rubuta a goshinta, ina roƙon a bar su. Da su ake gane motar gidan wane tun daga nesa, kuma mai saye ya fi sakin kuɗi a kan motar da ba a ɓata mata kama ba.

Daga ofis ina da roƙo uku. Duk wanda ya sake injin, aksul ko launin mota, ya kawo takardu mu taimaka a gyara su kafin ya doshi iyaka. Kowace mota ta samu littafi da za a riƙa rubuta abin da aka sauya, da rana, da wanda ya yi aikin. Sannan mu tattara sunayen tsofaffin makanikai masu sanin famfon mai a garuruwan da muke bi, mu tura musu yaranmu su koya tun suna da rai da lafiya. Ranar da aka rasa masu wannan sani, ƙarfen da muke tattali zai koma na ƴan gwangwan.

Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a fataucinmu, ya maimaita mana.