Hattara da Sabon Gyaran Kwamfuta: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan jawabi domin hakimai da malaman ofisoshinsu na ƙasar Rano, tun daga cikin gari har Lausu da Kibiya, musamman waɗanda su ke ajiye aikinsu a kwamfuta. A da, abokan gāban littafin ofis su ne gara da gobara da yoyon ɗaki. Yanzu kuwa an sami ƙari. Inji ya kan kwana lafiya, da safe a kunna shi ya ƙi tashi, alhali sunayen dagatai da masu unguwanni, da takardun cinikin gonaki, da bayanin sulhun da aka yi, duk suna kulle a cikinsa.

Yadda inji ya ke tashi

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja mai tafiyad da ita, kamar Windows ko Linux. Sa'ad da aka kunna inji, wata 'yar manhaja da ke jikinsa ita ke fara farkawa, ta kira wata da ke kan faifai, ita kuma ta kira babbar. Kamar saƙon Sarki ne, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. In ɗaya ya kuskure, saƙo ba ya isa. Kamfanin Microsoft ya kan aiko da gyaran Windows ta intanet ran Talata ta biyu ta kowane wata. Yawancin gyaran nan lafiya lau ne. Amma in aka yi rashin sa'a kuskure ya faɗa kan matakan tashi, to, inji ba zai kai inda zai karɓi wani gyaran ba. Tilas sai mutum ya zauna gabansa ya gyara da hannu.

Abin da ya riga ya auku

Cikin watan Janairu 1918 babu wanda ya san wannan cuta, amma shekara ɗari bayan haka, a Janairu 2018, wani gyaran Windows ya hana waɗansu tsofaffin injuna masu ƙwaƙwalwar AMD tashi, har Microsoft ya dakatad da aika musu shi. A watan Agusta 2024 kuma wani gyaran ya sa injuna da dama masu ɗauke da Windows da Linux tare suka ƙi buɗe ɓangaren Linux.

Mafi girma shi ne na ran Juma'a, 19 ga Yuli 2024. Wani kamfanin Amurka mai suna CrowdStrike, wanda aikinsa tsare kwamfutoci ne daga ɓarayi, ya aika da gyara mai kuskure da ƙarfe 5 da minti 9 na asuba, agogon Nijeriya. Ya janye shi bayan minti 78, amma aikin gama ya gama. Microsoft ya ƙiyasta injuna miliyan 8 da rabi suka tsaya, ba abin da su ke nunawa sai shuɗin allo. Bankuna da asibitoci da filayen jirgin sama suka rikice, kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi wajen 7,000 cikin kwana biyar. Maganin kuwa ɗan fayil guda ne za a goge, amma sai an bi injunan ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda faifansu ke kulle da BitLocker sai da suka nemo mabuɗinsu mai lamba 48 tukuna.

Kada a ce a daina gyara

Wani ya ji wannan sai ya ce gara a toshe ƙofar gyara gaba ɗaya. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. A watan Maris 2017 Microsoft ya fitad da gyaran wata ɓaraka, mutane da yawa suka yi sakaci ba su sa ba. Ran 12 ga Mayu na shekarar nan muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta ɓarakar nan ta kulle injuna a ƙasashe wajen 150, har da na asibitocin Ingila. Saboda haka gyara wajibi ne, sai dai a yi shi da shiri. Manomin kirki in an kawo masa sabon iri ba ya ƙinsa, ba ya kuma cika gonarsa duka da shi. Kunya biyu ya ke fara shukawa ya ga yadda zai yi.

Abin da ya wajaba a kan malami

1. Kafin kowane babban gyara ya kwafe takardun ofis a filashi ko wani faifai dabam, ya zare shi ya kulle a akwati. Kwafin da ke cikin inji ɗaya da asalinsa ba kwafi ba ne.

2. Kada ya fara gyara sai batir ya cika, ko janareto yana da isasshen mai. Ɗaukewar wuta a tsakiyar gyara ta fi kuskuren kamfani kusa da ofishin ƙauye. In allo ya nuna kada a kashe inji, to, a yi haƙuri ko da sa'a biyu ce.

3. Kada a yi gyara a jajiberen ranar da a ke bukatar inji, kamar ranar taron dagatai ko ranar aika rahoto fada. Windows ya yarda a jinkirta gyara har mako biyar, amma jinkirin 'yan kwanaki ya isa a ji labarin waɗanda suka riga.

4. Inda inji ya fi ɗaya, a fara da wanda aikinsa bai da yawa. In ya kwana biyu yana tashi lafiya, sa'an nan a bi sauran.

5. In faifai yana kulle da BitLocker, a rubuta lambobin nan 48 a takarda, a ba hakimi ya ajiye.

6. In inji ya ƙi tashi, kada a bar kowa ya wanke shi ya sa sabuwar manhaja kafin a kwashe takardun da ke ciki. Galibi suna nan ba abin da ya same su, tashin ne kaɗai ya lalace. Ko an kai shi wurin masu gyara a Kano, wannan shi ne sharaɗin farko da za a gaya musu.

Abin da ya wajaba a kan hakimi

Ba lalle hakimi ya iya sarrafa inji ba, amma amanar takardun talakawa a wuyansa ta ke. A ƙarshen kowane wata ya kamata ya tambayi malaminsa abu uku: yaushe aka yi kwafi na ƙarshe, ina ya ke, an kuwa taɓa buɗe shi an ga yana karantuwa? Takardun gona da na gado kuma a riƙa buga su a takarda, a sa hannu da hatimi, a ajiye kamar yadda aka saba tun da. Ranar da masu gardamar iyaka suka zo zaure, ba za su karɓi hanzarin cewa inji ya ƙi tashi ba.

Allah ya ja zamanin sarakuna, ya ba malamai ikon riƙe amana, amin.